Yadda ake farfaɗo da robar tsohon babur a tsakar gida

Duk wanda ya tsaya a ƙofar wata makarantar firamare a Kano da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe zai ga jerin babura suna sauke yara. Akasarinsu irin waɗanda ake kira roba-roba ne, kuma kusan kowanne yana ɗauke da tabon shekarun da ya yi a kan titi: wani an ɗinke masa robar gaba da waya, wani an naɗe murfin gefensa da baƙin salatif, wani kuma jan fentinsa ya koɗe har ya koma ruwan hoda.

Abin lura shi ne injin da yawa daga cikinsu lafiyarsa ƙalau. Jikin ne ya riga shi tsufa.

A da, idan roba ta fashe, mai babur kan shiga kasuwa ya sayo sabuwa a ɗaura masa. Yanzu lissafi ya sauya. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin Naira da aka yi a watan da ya biyo baya, litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati kuma ta wuce 1,500. Babura da kayan gyaransu galibi daga China da Indiya ake shigo da su, don haka farashinsu ya bi Dala ya yi sama.

Ga magidancin da babur ne ƙafarsa zuwa wurin aiki, shi ne motar kai yara makaranta, kuma shi ne kadarar da zai iya sayarwa ranar da ta ɓaci, sayen sabon jiki gaba ɗaya ya zama abin da sai an yi shawara. Wannan ne ya sa wasu suka koma gyara robar da kansu a gida, su liƙe ta, su sake mata fenti.

Aiki ne mai yiwuwa, kayan yinsa kuma ba su da yawa. Sai dai masu yinsa da dama kan yi asarar kuɗi da wahala, domin sun fara daga inda ya kamata su ƙare, wato daga gwangwanin fenti.

Asalin roba a jikin babur

Sanya wa babur jikin roba ba sabon abu ba ne. A shekarar 1958 kamfanin Honda na Japan ya fito da ƙaramin babur ɗinsa mai suna Super Cub, wanda aka yi garkuwar ƙafarsa da modigad ɗin gaba da roba maimakon ƙarfe. Babur ɗin ya karɓu a duniya, har adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017. Samfurinsa ne kamfanoni da dama na Asiya suka bi, kuma daga wannan zuri'a roba-robar da ta cika titunan Arewa ta fito.

A Kano, bayan da gwamnatin jiha ta haramta sana'ar acaɓa a watan Janairun 2013, A Daidaita Sahu ya karɓe jigilar fasinja, babur kuma ya ci gaba da zama abin hawan ma'aikata da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa.

Roba ta fi ƙarfe sauƙin nauyi, ba ta tsatsa, kuma tana da araha wajen ƙerawa. Babban makiyinta shi ne rana. Hasken rana yana karya sinadaran da suka haɗa ta a hankali, launi ya dushe, ita kanta ta bushe ta rasa taushinta. Babur ɗin da ke wuni a rana a bakin kasuwa ko ofis, a garin da zafin bazara kan wuce digiri 40, robarsa za ta riga ta wanda ake ajiyewa a inuwa lalacewa. Sai kuma girgizar hanya mai ramuka, wadda ke cinye 'yan kunnuwan da ake ɗaure robar da su.

Ba duk roba ce ɗaya ba

Kuskuren farko da ake yi shi ne ɗaukar cewa roba roba ce. A jikin babur ɗaya ana samun aƙalla iri biyu, kuma abin da ke liƙe ɗaya ba ya kama ɗayar.

Ta farko ita ce ABS. Tana da tauri, tana karɓar fenti, kuma galibi ita ce a ɓangarorin masu launi da sheƙi, kamar murfin gefe da robar da ta kewaye fitila. Ta biyu ita ce PP, wadda ta fi laushi, tana lanƙwasuwa ba ta karye ba, kuma idan aka shafa ta ana jin santsi kamar na kyandir. Ita aka fi amfani da ita a baƙaƙen ɓangarorin da ba a yi wa fenti ba, irin su robar ciki da wurin ajiye ƙafa.

Hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce a juya bayan robar. Kamfanoni kan buga sunan a jiki, a ga an rubuta >ABS< ko >PP<. Idan rubutun ya goge, a yanki ɗan ƙanƙanin ɓarɓashi daga wurin da ba a gani a jefa cikin kofin ruwa: PP galibi tana tasowa sama domin ta fi ruwa rashin nauyi, ABS kuwa nutsewa take yi. Haka kuma idan aka ɗiga sinadarin asiton a bayan robar, ABS za ta yi laushi ta fara danƙo, PP kuwa ko a jikinta.

Wannan ɗan gwaji na minti biyu shi ne ke raba gyaran da zai yi shekaru da wanda zai buɗe a ramin farko. Shi ne kuma dalilin da ya sa mutum zai zazzaga sufa gulu a tsaga, ya ga kamar ta kama, bayan kwana uku ta rabu. Gam ba ya kama PP yadda ya kamata. Haɗin sufa gulu da bekin soda da ya yi suna yana daskarewa kamar dutse, yana kuma iya cike ɗan rami a jikin ABS, amma ba ya lanƙwasa, don haka ba ya jure girgiza a wurin da ke ɗaukar nauyi.

Kwancewa da wanki

Ba a gyara roba tana jikin babur. Za a yi amfani da ƙarfe mai zafi da sinadarai masu kama wuta, tankin fetur kuma yana kusa. Dole a kwance ta a kai ta nesa.

Wajen kwancewar ma ana ƙara ɓarna. Tsohuwar roba ba ta son fizga, kuma sau da yawa akwai wani noti ɓoyayye da ba a gani ba. Dabara mai kyau ita ce a riƙa ɗaukar hoto da waya a kowane mataki, a kuma zuba notinan kowane ɓangare a leda daban, domin ranar mayarwa kada dogon noti ya shiga gurbin gajere ya huda robar.

Daga nan sai wanki da ruwa da omo ko sabulun wanke-wanke, ciki da waje, har sai babu sauran maiƙo. Wasu kan shafa wa robar da ta koɗe baƙin mai ko man birki don ta yi sheƙi. Man birki yana cin fenti, maiƙo kuma ko kaɗan ne ya rage zai sa sabon fenti ya riƙa darewa yana barin 'yan ramuka. Tsofaffin sitika suna ɗagowa cikin sauƙi idan aka ajiye robar a rana ta ɗan yi ɗumi. Tina kuwa a nisanta ta da ABS, domin tana narkar da fuskarta.

Ɗinke tsaga

Tsaga tana tafiya ne kamar yagewar zane. Kafin komai, a nemi ƙarshenta a huda ɗan ƙaramin rami mai faɗin milimita biyu zuwa uku daidai wurin. Ramin yana rarraba nauyin da ya taru a bakin tsagar ya hana ta ci gaba.

Sai a haɗa bakunan biyu su daidaita, a riƙe su da salatif ta waje, a juya a yi aikin ta ciki. Da wuƙa ko fayil ake fafe tsagar ta zama kamar ƙaramar kwata, a kankare fenti da datti daga gefenta.

Gyaran da ya fi ƙarko shi ne waldar roba. Ana yinta da irin ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi. Ana narka bakunan tsagar tare da wani ɗan sili na roba da zai cike kwatar, su zama abu ɗaya. Sharaɗin shi ne silin ya zama irin robar da ake gyarawa: ABS da ABS, PP da PP. Robar jarka ko 'yar igiyar robar nan da masu wayarin ke ɗaure wayoyi da ita duk wasu nau'o'i ne daban. Za su narke su kwanta a kai, amma ba za su haɗu ba. Mafi dacewa a samo fasasshiyar robar wani babur mai irin wannan tambari daga wurin 'yan gwangwan ko masu kayan gyara na hannu, irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a yanka ta sili-sili.

Zafi ma yana da iyaka. PP tana narkewa ne a wajen digiri 160 zuwa 165, ƙarfen dalma kuma yana wuce haka nesa ba kusa ba. Idan robar ta fara hayaƙi tana yin baƙi, ƙonewa take yi, kuma ƙonanniyar roba ba ta da ƙarfi. A riƙa ɗaga ƙarfen, a bi tsagar kaɗan-kaɗan. A inda ake buƙatar ƙarin ƙarfi, ana nutsa 'yar ragar ƙarfe ko gajerun wayoyi a gicciye cikin robar tana da zafi, sannan a rufe su da wata narkakkiyar.

ABS tana da wata hanyar da ba ta buƙatar wuta. Ana yanka ɓarɓashinta a zuba cikin kwalbar gilashi mai murfi, a zuba asiton a bar shi ya kwana, ya zama kamar kunu mai kauri. Idan aka shafa shi a tsaga, yana narka bakunan ya haɗe su, asiton ɗin ya bushe ya bar roba zalla. Shafi siriri ake yi, a bari ya bushe sosai kafin a ƙara wani. Idan aka lafta da yawa, sama za ta bushe ciki yana ɗanye.

Kunnuwan da suka karye su ne suka fi cancantar a ɓata musu lokaci. Murfin da ya rasa kunne ɗaya yana kaɗawa, nauyin ya koma kan sauran, su ma su bi. Ana iya yanko kunne daga wata tsohuwar roba a yi masa walda tare da raga, a gwada shi a jikin babur kafin a yi fenti.

Sanfefa ce rabin aikin

Fenti ba ya ɓoye aibi, fito da shi yake yi. Duk wani ƙulu ko karce da yatsa ya ji, ido zai gan shi bayan an fesa sheƙi.

Ana fara goge wurin da aka yi walda da sanfefa mai lamba 180 ko 240 har ya yi daidai da sauran jiki. Sai a bi dukkan robar da lamba 400, a ƙarasa da 600 ko 800 ana jiƙawa da ruwa. Yawan lambar, yawan laushin sanfefar. Ba lallai ne a cire tsohon fenti duka ba idan yana nan daram. Abin da ake so shi ne a kashe sheƙinsa domin sabon ya sami abin kamawa. Inda yake ɓarewa ne ake kankarewa har ƙasa.

Idan akwai 'yan ramuka, a cike su da fila kaɗan. Filar da ake lafta wa jikin mota ba ta lanƙwasa, idan ta yi kauri a kan roba za ta tsage ta faɗo.

Bayan wanki na ƙarshe da bushewa, sai fentin shimfiɗa, wanda masu sana'ar ke kira faraima. A nan ma nau'in robar yana da magana. Faraimar ƙarfe ba ta kama PP. Akwai wadda aka yi musamman domin roba, ana rubuta hakan a jikin gwangwanin, kuma ita ce ke sa fenti ya zauna. Wanda ya tsallake ta zai ga fentinsa yana saɓulewa kamar ɓawon albasa a wankin farko ko na biyu.

Ranar feshi

Yanayi yana da hannu a sakamakon. A hunturu ƙura ce ke sauka a kan ɗanyen fenti. A tsakar ranar bazara fentin kan bushe a iska kafin ya isa jikin robar, ya bar ta da kaushi. A damina kuma laima kan sa sheƙi ya yi fari-fari kamar hazo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi, a inuwa, a ranar da babu iska. Yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara yana kwantar da ƙura.

A girgiza gwangwanin na kimanin minti biyu, a fara gwadawa a jikin kwali. Ana riƙe shi da tazarar santimita 20 zuwa 30, hannu yana tafiya daga gefe zuwa gefe ba tare da tsayawa ba. A fara fesawa kafin a iso kan robar, a saki bayan an wuce ta.

Shafin farko bai kamata ya rufe komai ba. Ana ganin ƙasa ta cikinsa. A jira minti 10 zuwa 15, ko abin da aka rubuta a gwangwanin, a ƙara na biyu, sannan na uku. Mai gaggawar da ya so ya gama a shafi ɗaya zai ga fenti yana zubo da hawaye. Idan hakan ta faru, kada a taɓa. A bari ya bushe sarai, a goge da sanfefa mai laushi, a sake.

Yana da kyau faraima da launi da ruwan sheƙin da za a rufe da shi su fito daga kamfani ɗaya. Wasu nau'o'in fenti ba sa jituwa, sai na sama ya tayar da na ƙasa ya yamutse.

Ruwan sheƙin, wanda ake kira kiliya, shi ne ke kare launi daga rana. Sai dai na gwangwani na yau da kullum ba ya jure fetur, kuma a roba-roba tanki yana ƙarƙashin kujera ne, kusa da murfin gefe. Ɗigon mai a gidan mai zai iya barin tabo. Wanda ke jure fetur shi ne mai haɗi biyu da ake kira 2K, amma yana ɗauke da sinadarin da ke yi wa huhu illa sosai, har yakan jawo asma. Wannan ba na tsakar gida ba ne. Wanda ke son sa ya kai robar da ya gama shiryawa wurin mai fentin mota.

Fenti yakan bushe a taɓa cikin awa guda ko biyu, amma bai ƙosa ba. A ba shi aƙalla kwana ɗaya kafin a mayar da robar, da kimanin mako guda kafin wanki ko liƙa sitika. Wajen ɗaurewa, a mayar da 'yan robobin da ke ƙarƙashin notina, kuma kada a matse fiye da kima, domin matsi ne ya fasa da yawa daga cikin kunnuwan tun farko.

Lafiyar mutanen gida

Tsakar gida wuri ne na girki da wasan yara, kuma wannan aiki yana zuwa da haɗari biyu: wuta da hayaƙi. Asiton da fentin feshi suna kama wuta daga nesa, don haka ba a yin aikin kusa da murhu, gas, gawayi ko janareta. Gwangwanin da ya ƙare ma yana fashewa idan aka jefa shi cikin bolar da ake ƙonawa.

Hayaƙin narkakkiyar roba da ƙaurin fenti suna sa ciwon kai da jiri da ƙaiƙayin maƙogwaro. Takunkumin yadi yana tare ƙura ne kawai, ba ya tare tururin sinadari. Mai matatar gawayi ake buƙata. A yi aikin a fili, iska tana kaɗawa daga bayan mai yi, a kuma nisanta yara, masu juna biyu da masu asma. Kwalbar asiton a ɗaga ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma kada a taɓa zuba shi a gorar ruwa ko ta lemo.

Inda gyara ya tsaya

Akwai robar da ta wuce gyara. Idan aka ɗan lanƙwasa gefenta ta ɓare kamar biskit, rana ta gama da ita. Duk inda aka liƙe, gefensa zai buɗe. Modigad ɗin gaba da ya karye a wurin ɗauri shi ma gara a canza shi, domin idan ya saki ana cikin gudu zai iya shiga taya.

Hular kwano ba ta cikin wannan lissafi ko kaɗan. Wadda ta fashe ta gama aiki, kuma sinadaran fenti suna iya raunana robarta ba tare da an ga alama ba.

Batun launi ma abin dubawa ne. Takardun babur suna ɗauke da launinsa, kuma a lokacin da satar babura ta yi yawa, baƙin babur mai takardar ja zai sha tambayoyi a shingen jami'an tsaro. Mayar da launin asali ya fi kwanciyar hankali. Lambar babur da lambobin da aka buga a jikin inji da firam kuwa, fenti kada ya kusance su.

Haka nan wanda ya yi gyaran domin ya sayar, ya kamata ya nuna wa mai saye inda aka yi walda. Gyara ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ha'inci, kuma mai sayen da ya san kan babur zai leƙa bayan robar ko ba a faɗa masa ba.

Sannan sabon fenti ba ya tsayar da babur idan birki ya ci, ba ya kuma riƙe titi idan taya ta suɗe. Idan kuɗin da ke hannu ba zai isa duka ba, birki da taya da fitila su ne a gaba, roba ta jira wata mai zuwa.

Ga wanda injinsa da birkinsa ke lafiya, aikin ba ya wuce ƙarshen mako biyu: na farko na kwancewa da walda da sanfefa, na biyu na feshi da jira. Bayan nan abin da zai sa wahalar ta daɗe tana amfani ba ya cin ko kwabo, wato a riƙa nema wa babur ɗin inuwa, ko a lulluɓe shi da tsohon zane duk inda zai wuni.